Yayana da Rundunar Matattu

Yayana ya dawo Gadarif daga Khartoum a shekarar da yaƙi ya ɓarke, da jaka ɗaya da tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi. Karatunsa ya tsaya, aiki kuma babu. A cikin kwamfutar akwai wasan yaƙin da muke yi tun ina ƙarama: kowa ya zaɓi rundunarsa, ka matsa da sojojinka a kan taswira, ka kai hari, sannan ka miƙa wa abokin karawarka ya yi nasa. Duk la'asar ɗin da aka kawo wuta sai mu zauna a rakuba, rumfar tsakar gidanmu, Inna tana gefe tana haɗa gahawar jabana a kan garwashi.

Ni kullum mutanen daji nake ɗauka, maharba masu ɓuya cikin itatuwa. Shi kuwa a da mutanen dutse yake so, gajeru masu sulke. Soja ɗaya ya ji rauni, sai ya janye shi baya ya warke, ko da zai rasa gari. Bayan dawowarsa bai ƙara taɓa su ba. Matattu yake zaɓa.

"Yaya, wannan ba adalci ba ne," na ce masa ran nan. "Kibiya ratsa ƙasusuwan take ta wuce. Wanda ka kashe mini kuma ya tashi ya zama naka."

"Kina da bokayen wuta, kin ƙi kiransu," ya ce, bai ɗago ba.

Gaskiyarsa ne. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan ba su bar kowa babu maganinsa ba: matattu wuta na cin su, hasken rana na karya musu ƙarfi. Na koyi ja da baya idan duhu ya sauka a taswirar, in tsaya a gaɓar kogi, in jira gari ya waye sannan in auka musu suna cikin ruwa. Na fara cin nasara jefi-jefi, amma ba ta yi mini daɗi. Sai ya kwaso ƙananan sojojinsa ya cusa su a mashigi, ina ƙona su ɗaya bayan ɗaya, manyan suna zagayowa ta bayana.

"Waɗannan fa, ba ka tausayinsu?"

"Don haka aka yi su."

Inna ta daina fifita garwashi, ta dube shi.

A daminar nan masu gudun yaƙi suka yi ta shigowa daga wajen garin Hawata, har makarantar unguwarmu ta cika da tabarmi. Yaya ya soma fita da sassafe. Ya aske kansa ƙwal. Idan Inna ta tambaya sai ya ce wajen masu noman riɗi yake zuwa. Amma na ga kafaɗarsa ta dama, inda ake dafa gindin bindiga, ta yi baƙi, kuma kowa ya san abin da ake koya wa samari a filin bayan kasuwa.

Wata ranar bayan azahar motar da ke kwasar samari zuwa fagen daga ta yi hon a ƙofar gida. Ya tsuguna gaban Inna ya nemi gafara. Ta ɗora masa hannu a ka, ni kuma na bi shi har zaure ba takalmi.

Yanzu saƙon muryarsa kan zo sa'i-sa'i, gajere, bai taɓa faɗin inda yake ba. A na ƙarshe akwai wani a kusa da shi yana nishi. Inna ta ce in sake kunna mata, na ce waya ba caji.