Baƙin tabon zauren kakanmu

"Kai, ajiye burushin nan!"

Gwaggo Hajara ce, ƙanwar babana, ko gama sauka daga okada ba ta yi ba. Mai fenti ya tsaya cak, ya kalle ni.

Wata uku ke nan muna gyaran gidan kakanmu, tsohon masaukin fataken goro a nan Sabo, unguwar Hausawa a Kudu, za mu mayar da shi gidan tarihi. Ni na ce a shafe baƙin tabon da ya zagaye bangon zaure.

Na ce, "Gwaggo, datti ne fa. Mutane za su zo kallo."

Ta ce, "Datti? Bayan mutane ne, ɗan nan. Nan fatake ke jingina suna jiran motar Arewa, shekara da shekaru." Ta dafa kusa da ƙofa, inda tabon ya yi ƙasa. "Nan wurin kakanka ne. Gajere ne, Allah ya jiƙansa."

Ko hotonsa ɗaya ba mu da shi. Na zauna na jingina a wurin.

Saura ƙiris in sa a shafe shi. Ku fa, me kuka taɓa shafewa a gida da sunan gyara?