Kwana Shida a Tungar Inna

Ɗiyata ta fari tana da wata goma sha bakwai muka yaye ta. Matata ce ta samu ciki, tsofaffi kuma suka ce nonon mai ciki yana ɓata wa yaro ciki. Ni da kaina na ɗauke ta daga Yelwa na kai wa Inna, mahaifiyata, a tungarsu da ke bakin tafki, ƙetaren Wara.

Tsakiyar damina ce. Ruwa ya hau, ya shafe fadamar da mutanen tunga ke zagayawa bayan gida. A wannan bakin ruwan Inna ke ɗibar na sha, ta zuba a randa ta bari ya kwanta. Na gani ran da na kai yarinyar, ban ce komai ba. Shi na sha na girma.

Ran kwana na shida ƙanena ya bugo waya da safe. Ya ce yarinya na gudawa tun shekaranjiya, in zo.

Na tarar da ita kwance a cinyar Inna. Idanunta sun faɗa, maɗigarta ta lotsa, tana kuka babu hawaye.

"Haƙoranta na, za su hito," in ji Inna. "Tun jiya na hana mata ruwa don cikin shi tsaya."

Maƙwabciyar Inna, wata Bakambariya mai bandar kifi, ta shigo ta duba ta. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta tafasa ruwa, ta zuba gishiri da sukari a kwalba, ta miƙo mini cokali.

"Malam, ka riƙa ɗiga mata. Ku tashi yanzu, kada ku jira jirgin kasuwa."

Muka ɗauki shatar kwalekwale mai inji. Inna na riƙe da ita, ni ina ɗiga mata ruwan. Ta haɗiye cokali uku, na huɗu ya zubo ta gefen baki.

A asibiti malamar jinya ta daɗe tana neman jijiya, ta gwada hannu ta gwada ƙafa, kafin ta samu a ka. Ƙarin ruwan bai kai rabi ba yarinyar ta cika, ana kiran la'asar.

Inna ta riƙo rigar malamar. "Ɗiyata, gaya mini gaskiya. Da na ba ta ruwa fa?"

Malamar ta dube ni, ta dubi Inna. Ta ce, "Kwana ya ƙare, Inna. Amma in kin sake ganin irin wannan, ki ba da ruwa, tafasasshe, kada ki daina."

Inna ta gyaɗa kai. Ta kwance zanen da ta yafa ta rufe yarinyar. Ni kuma na fita waje, na tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da waya a hannu, ina neman yadda zan fara gaya wa matata.