Daga Kumasi Zuwa Tamale Saboda Mataki Na Huɗu

Kumasi

Tun kafin kiran sallar asuba na bar gida da kwamfutata da ciwon kai na wata biyu. Ga matsalar a taƙaice. A ka'idar ƙwayoyin halitta da nake digiri na uku a kanta, ma'aunin abu yana kaucewa kaɗan daga lambarsa ta asali saboda cuɗanyar ƙwayoyi, kuma wannan kaucewar muke lissafawa mataki-mataki. Akwai doguwar hanya ta zane-zane barkatai. Akwai gajeriya, wadda nake bi: a jera ƙwayoyin a zagaye kamar carbi, a warware lissafin sarƙar gaba ɗaya. Sarƙata ƙwaya huɗu ce. Mataki uku na farko sun dace da doguwar hanya cif, na huɗu ya ƙi. Malamina ya ce ba zai sa hannu a kundina ba sai ya dace, ga wa'adi ya matso.

Sai na ji Dakta Fusaina, gwanar wannan fanni, ta zo daga Turai sunan ɗiyar ƙanenta a Sagnarigu, gefen Tamale. Ai ban tsaya shawara ba.

Techiman zuwa Buipe

A Techiman na karya da koko da ƙosai. Bayan Kintampo ɗan sanda ya leƙo a shinge, ya ga na rungume jaka.

"Madam, me kike ɓoyewa a ciki?"

Na ce, "Lissafin da ya ƙi fita."

"To riƙe shi da kyau, kar ya fita a hanya."

Mota ta ɗauki dariya. A gadar Buipe na sayi soyayyen kifi da cukun nan da ake kira wagashi, na ci na ƙoshi, rabona da cin abinci da daɗi haka har na manta.

Sagnarigu

Bayan azahar keke mai ƙafa uku, yalo-yalo, ya sauke ni a ƙofar gidan suna. Na durƙusa gaida tsofaffi, kome suka ce da yarensu na amsa "Naa", har gwiwata ta yi tsami. Na tarar da Dakta a bayan gida, zani ɗaure a ƙugu, tana tuƙa tuwon zafi. Wallahi ban gane ta ba.

Na fara zaro kwamfuta, ta ce, "Ƙanwata, baƙo ba ya magana da yunwa a gidan nan. Wanke hannu."

Muka zauna mu huɗu a kan kwano ɗaya: ni, ita, da gwaggonninta biyu. Ina ci ina zuba mata bayani kamar zan yi kuka. Ta saurara, sannan ta tsamo tsoka daga miyar ayoyo ta ba ni.

"Miƙa wa ta damanki. Mataki na ɗaya ke nan. Mma, ba wa ta kusa da ke." Tsoka ta wuce, ta sake wucewa, ta iso hannun Dakta. Ta ɗora mini ita a tafi. "Na nawa?"

"Na huɗu."

"Ta dawo gida ko ba ta dawo ba?"

Na ƙura wa tsokar ido. Na san cuɗanya tana iya zagaye gajeriyar sarƙa ta komo inda ta fito, na san akwai gyaran da ake ƙarawa saboda haka. Amma na ƙidaya cewa sai a mataki na biyar zai shigo. Wata biyu ina zargin lissafin da ba shi da laifi.

Gwaggo ɗaya ta ce, "Ku 'yan boko, za ku ci naman ko a ba ni?"

Na kwana ɗakin gwaggonnin. Da safe muka zauna ƙarƙashin mangwaro, Dakta na goyon jaririya, ni ina lissafa gyaran zagayen. Da na haɗa shi da tsohuwar amsata, lambar ta fito daidai da ta doguwar hanya, har wutsiyarta. Na tashi na taka rawa ba kiɗa, ban ji kunyar kowa ba.

Komawa

Tun a mota na tura wa malamina sakamakon. Muna wuce Yapei amsa ta shigo: "Kawo gobe in sa hannu." Na karanta, na sake karantawa, na raba wa maƙwabtan kujerata duk wagashin da na sayo tsaraba.

Na iso gida lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Dakta da mutanen Sagnarigu. Mahaifiyata ta tare ni a ƙofa, ta dubi fuskata kawai, ta juya ta ce wa babana, "Alhaji, je ka sayi sabuwar hula. 'Yarka ta gama."