Layin ƙarfe huɗu a talabijin ɗinmu

"Karanta min, me aka rubuta a nan?" in ji Umma, tana nuna talabijin.

A gidanmu na unguwar Hausari ne, ƙarshen shekarun casa'in. Sabon dish aka kafa mana, ina ta danne-dannen rimot har jerin shirye-shirye ya fito. Idona ya faɗa kan layin ƙarfe huɗu: shiri a kan jirgin sama da ya faɗi. Da safen nan Baba ya hau jirgi a Kano zai tafi Umra.

Na ce, "Ƙwallo ce, Umma."

Ta dube ni. "Ƙwallon ce ta sa hannunki rawa?"

Dole na gaya mata. Ta zauna a ƙasa ta jawo carbi. Awa biyu muka zuba wa agogo ido, ba wayar da za mu kira.

Da huɗu ta yi, ashe tsohon hatsari ne na wata ƙasa, tun kafin a haife ni. Sai a lokacin Umma ta fashe da kuka.

Baba ya dawo lafiya, har ya rasu ba mu ba shi labarin ba. Ku fa, wane tsoro kuka taɓa ɓoyewa a gida?