Maiƙon Ruga

Ƙarar cokali a gindin gwangwanin madara, wanda aka kankare har ya yi ƙal, ita ta tuna mini da kakata.

Ina ƙarama mahaifiyarmu ta rasu wajen haihuwa, ta bar mana ƙanena kamar ɗan tsako. A ƙauyenmu na bayan Ƙarfi ba a sami mai shayarwa cikin dangi ba, sai kakarmu ta goya shi. Nonon akuya take tafasa masa, amma ta ce ba ya riƙe cikin jariri sai da maiƙo.

Maiƙon kuwa daga ruga yake zuwa. Duk shekara bayan an yanke dawa, makiyaya kan sauka a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Matar mai garken ta riƙa kawo man shanu curi-curi yana yawo a ƙwaryar nono, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Tsohuwa ta narka shi a kasko, ta tace, ta ɗiga a nonon akuyar, ta yi wa yaron ɗura. Ni ina gefe ina jiran lasar kasko.

"Kwaɗayayya," take cewa, "ke ma marainiya ce, amma ai kina da haƙora."

Yaron ya yi ɓul-ɓul. Yau har da furfura.

Bana 'yarsa ta haihu, zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ƙafe. A asibiti aka ce madarar gwangwani kawai, ita kuma ta fi ƙarfinmu. Ƙanena ya hau babur, ya zaga kasuwar Dayi har Musawa, bai sami man shanun da zai yarda da shi ba. Ina zai samu? Tun da ɓarayin daji suka kore garkunan, rugagen suka tashi, awakinmu ma da su aka haɗa. Wani mahauci ya ba shi kitsen rago, wai maiƙo ai maiƙo ne. Muka narka muka gwada, jaririyar ta amayar da shi duka.

Kun ga inda muka tsaya. Na san yadda ake raya maraya, na gani da idona, amma abin rayawar ya ƙare a ƙasar nan. Yanzu ruwa muke ƙara wa 'yar madarar da muka iya saya don ta daɗe, kuma wallahi tsoro nake ji.

Tun jiya jaririyar ta daina kuka, tana kwance laƙwas. Uwarta ta dube ni tana murmushi.

"Gwaggo, kin ga yau ta ƙoshi."

Na ce mata e.