Ƙarfen da Ke Ƙafar Bahijja

Duk wanda injin niƙansa ya lalace a Roni, wajen Kawu Zarami yake nufa. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, yana fiƙe faifan niƙa, yana sauya wanda ya ci. Ƙarfen zubi ya sani, baƙi mai nauyi, irin wanda ake narkarwa a zuba a mazubi. Idan aka miƙo masa ƙarfe, sai ya ɗaga shi a tafin hannu. In bai ja hannun ƙasa ba, sai ya ce sanholo ne, a kai wa masu tukwane.

Wata Juma'a 'yarsa Bahijja ta faɗi daga kan babur a hanyar Kazaure, ƙashin cinyarta ya karye. Aka wuce da ita wani asibiti a Kano. Likitan ƙashi ya ce sai an yi aiki an ɗaure ƙashin da ƙarfe, ya ɗauko samfurinsa ya nuna masa. Kawu ya karɓa, ya ji shi sakayau kamar cokali.

"Wannan za ka sa wa 'yata?"

"Baba, sunansa taitaniyam," in ji likitan. "Ba shi da nauyi, amma yana da ƙarfi, kuma ba ya tsatsa a jikin mutum. Irin naku na inji nauyi gare shi, amma in ya bugu tsagewa yake yi."

Nan ran Kawu ya ɓaci. A gaban majinyata da masu jinya ya ɗaga murya, ya ce yaron da bai taɓa riƙe guduma ba ne zai koya masa ƙarfe? Ya ce jabu ne, ha'inci ne. Bahijja tana kuka tana cewa, "Baba, ka bari a yi," amma ya sa aka ɗauke ta, ya kai ta wajen mai ɗori.

Damina ta wuce ƙashin bai haɗe ba. Ko taka ƙafar ba ta iya yi. Dole Kawu ya mayar da ita asibitin, aka kuwa sake haɗa su da likitan nan. Kawu ya shirya jin baƙar magana. Likitan ya miƙe ya gaishe shi, ya ja masa kujera, bai ce uffan kan abin da ya wuce ba. Kawu ya zauna yana kallon takalmansa. Da zagi aka yi masa, da ya fi masa sauƙi.

An yi aikin, ƙashin ya kama, sai dai jinkirin ya sa ƙafar ta ɗan gajarta. Yanzu Bahijja tana koyarwa a makarantar firamare, tana tafiya da ɗan ɗingishi. Duk wanda ya tambaye ta, cewa take yi, "Haɗarin babur ne." Idan ta faɗi haka a gaban Kawu, yakan tashi ya shiga ciki, kamar an kira shi.