Rariyar da Na Wanke

Rubuta yadda na faɗa, jikata. Shekara tara kawunki yana tsaron ɗakin ajiyar takardu a ƙarƙashin bene, ba taga, sai na'urar iska tana gurnani. Kullum ya dawo rigarsa na warin danshi. In ce, "Auta, kifi ne kai ko ma'aikaci?" Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Da tarin ya kwantar da shi, likita ya ce a ciro rariyar da ke tace iskar na'urar a kawo, irin funfunar da yake shaƙa tana maƙale a jikinta, za su auna su san maganin da ya dace. Abokin aikinsa ya kawo mini ita, baƙa ƙirin. Na ce wannan ƙazanta ba za ta je gaban likita ba. Na sa sabulu na wanke ta tas, na shanya.

Likita ya jujjuya ta, ya ce, "Mama, wa ya wanke?"

Kafin su gano ciwon ta wata hanya, Allah ya karɓi abinsa. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma hannun nan nawa ne ya wanke.